Uwa Ba Ta Yabon 'Yar Fari

Ni 'yar fari ce, kuma har na bar gidanmu a Damagaram ban taɓa jin sunana a bakin innata ba. "Ke" take ce mini, in kuwa da wani take magana sai ta ce "yarinyar nan". Shekarar da na zo ta ɗaya a jarrabawar fita firamare, malaminmu da kansa ya tako har ƙofar gida ya kawo albishir. Inna ta saurare shi daga bayan ƙyaure, ta ce, "To, madalla," sannan ta juyo ta tambaye ni wa zai wanke tukwanen da na bari. Da yamma na tarar da tsoka biyu a kwanona maimakon ɗaya. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Haka ake yi, kowa ya sani. Uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane. Bayan kunya kuma ga tsoro, don yaron da aka cika yabo baki yakan kama shi.

Da wannan tarbiyya na biyo mijina Greensboro ta ƙasar Amurka, a nan kuma na haifi tawa 'yar farin. Da a gida ne, ana yaye ta kaka za ta ɗauke ta, in huta da kunya, ita ma ta huta da ni. To a nan wa zai ɗauka? Ni na yi goyo, ni na yi yaye, ni na raka ta makaranta, duk a ɗan gidanmu na haya a Glenwood, inda in ka yi atishawa a kicin na uwar ɗaki zai amsa maka. Amma sunan nan dai ban kira ba. A asibiti in aka tambaya sai in miƙa kati. Ƙannenta maza biyu da suka biyo baya kuwa, sunayensu har sun gaji da bakina, don ba sa jin magana.

A gida malamar makaranta ce ni, shekara shida ina riƙe da alli. A nan aikina kula da wata tsohuwar Baturiya a Irving Park. In hau bas zuwa tashar cikin gari, in canja wata, in sauka in ƙarasa da ƙafa, don unguwar ba ta masu bas ba ce. Tsohuwar mutuniyar kirki ce, amma tana ba ni mamaki. Ƙofar firjinta cike take da hotunan jikoki, kuma duk wanda ya shigo, ko mai gyaran famfo ne, sai ta tsayar da shi ta yi masa bayani: wannan ya fi kowa iya ninƙaya, waccan ba ta da na biyu a ajinsu. Ba tubarkalla, ba masha Allah. Ni kuwa ina gefe ina yi wa 'ya'yan mutane addu'ar tsari a zuci. Na ɗauka tsufa ne ya sa ta haka, ban san halin garin ke nan ba.

Tun yarinyar nan tana ƙarama na san Allah ya yi mata kai. Ai malama ce ni, ba a ɓoye mini wannan. Tana da shekara huɗu take karanta rubutun jikin gwangwani a kanti. Tana da tara ta tattara takardun lokutan salla da ake rabawa a masallaci kowane wata, ta baje su a ƙasa, ta yi kwana uku tana zane-zane a littafinta, sannan ta rubuta lokutan watan da bai kama ba tukuna. Da sabuwar takarda ta fito muka gwada. Ba inda ta kauce fiye da minti ɗaya. Ta ɗago kai tana kallona, tana jira. Na ce, "Ke, tashi ki kwashe takardun nan kafin ƙannenki su yaga su."

Da ta kai sha uku abubuwa suka fara canjawa. Kullum da safe ciwon ciki. Muka je likita, ya duba, ya ce bai ga komai ba. Ta rage magana, ta rage cin abinci. Ni kuma na ɗauka girma ne ya zo da nasa salon, har ranar da malamarsu ta lissafi ta kira ni makaranta. Wata doguwar baƙar Ba'amurkiya ce mai furfura a gaban goshi, ba ta kwana-kwana a magana. Ta ajiye takardun jarrabawa uku a gabana, ta nuna mini cewa a kowace takarda yarinyar ta faɗi tambaya biyu daidai, kuma kullum mafi sauƙi take faɗuwa. Da gangan take yi, don sauran yara su daina yi mata tsiya. Ta ce ta gama ba ta duk lissafin da makarantar take da shi, har ta ara mata littattafan 'yan jami'a, su ma ta cinye.

"In kuka tura ta babbar sakandare ta yi shekara huɗu tana jiran a kamo ta," in ji malamar, "ciwon cikin nan ba zai tafi ba."

Ita ta fara gaya mana cewa akwai wata jami'a, tafiyar awa huɗu daga nan, da take ɗaukar 'yan mata masu shekara sha huɗu ko sha biyar kai tsaye, su tsallake babbar sakandare gaba ɗaya. Suna da gidan kwanansu daban, da mata manya da ke zaune tare da su suna lura da shige da ficensu. Ba su ɗaukar da yawa. Sai an yi jarrabawa, an duba dosiye, wato takardun yarinya, an yi intabiyu da yarinya da iyayenta.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Yarinyar da ko kwana ɗaya ba ta taɓa yi a wani gida ba! Mijina direban tirela ne, rabin wata yana kan hanya. Da na gaya masa a waya sai ya ce a bari ya dawo ya yi istihara. A wani taron suna wata Hajiya da ke kawo mana atamfa ta ja ni gefe ta ce, "Ke da hankalinki? Ina ake gaggawar zuwa?" Abin da na sani shi ne, ranar da malamar ta yi wa yarinyar bayanin makarantar nan, ta dawo gida ta ci tuwo malmala biyu, ta kuma dame mu da surutu har sai da na ce ta yi mana shiru. Rabon da in ce mata ta yi shiru ya fi shekara. Uban ya dawo, ya yi istihararsa, ya ce bismilla.

Jarrabawa kam ba ta ba ta wahala ba. Aka kira mu intabiyu a farkon bazara. Na ciro shaddata da nake ji da ita, na sa uban ya sa kwat, muka bar samarin wajen maƙwabciya muka kama hanya bayan asuba. Jami'ar tana kan tudu, gine-ginen jan bulo, ciyawa a gyare kamar an yi mata aski. Matar da ke shugabantar shirin ta tarbe mu da fara'a, ta ba mu shayi a kofin takarda, ta shiga ofis da yarinyar su biyu. Sun fi awa guda a ciki. Da suka buɗe ƙofa dukansu dariya suke yi. Sannan ta ce mu shigo, yarinyar ma ta zauna.

Ta buɗe fayil, ta ɗauki biro, ta ce, "To, ku gaya mini wace ce 'yarku. Me kuka fi alfahari da shi game da ita?"

Mijina ya sunkuya yana kallon takalminsa kamar yau ya saye shi. Shi ma ai 'yar farinsa ce. Ya ce mini da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Bon, ke ce malama, yi bayani."

Ni kuwa na san irin wannan zama, na sha ganinsa. In za ka danƙa ɗanka a hannun wani, malami ne ko mai koyar da sana'a, ba ka zuwa kana cika baki. Kana ƙasƙantar da naka, ka girmama mai karɓa, ka ba shi haƙuri tun ba a yi masa laifi ba. Shi kuma ya san ladabi kake yi, sai ya ce, "Haba, ai yaron kirki ne, mun ji labarinsa." Kowa ya san nasa zancen, a yi addu'a a tashi. Iyaye nawa suka kawo mini yara aji suna cewa, "Ga shi nan, Madam, ba ya jin komai," alhali yaron ya fi kowa?

Turancina na aiki ne, na magani da wanka da "kin ci abinci?", amma ranar ya ishe ni yin ɓarna. Na gyara zama na ce, "Yarinya ce ƙarama, ba ta san komai ba tukuna. In ta buɗe littafi sai ta manta tukunya a kan wuta. Da safe sai an tashe ta sau biyu. Makullin gida uku ta ɓatar. Ga saurin kuka. Sai dai ku yi haƙuri da ita."

Matar tana ta rubutu. Ganin tana rubutawa sai na ji daɗi, na ce lallai maganata ta shiga, na ƙara da cewa ko ɗakinta ba ta iya gyarawa sai an yi magana. Ta ɗago ta tambaye ni a hankali, "Kina ganin za ta iya zama nesa da gida?"

Na ce, "Allah kaɗai ya sani."

Na zauna ina jiran ta ce haba. Ba ta ce ba. Ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta rufe fayil, ta gode mana da muka yi doguwar tafiya.

Mun yi awa biyu a mota, yarinyar ta lafe a kujerar baya. Ni ina ganin gajiya ce. Da muka tsaya shan mai uban ya fita, sai na ji muryarta daga baya, da Hausarta mai tafiya da ɗingishi.

"Mama, in ba ki so in tafi, da kin faɗa mini a gida. Ba sai a gaban matar ba."

Raina ya ɓaci. Na juya na ce, "Ni kike gaya wa haka? Wa ya bar aikinsa ya sha rana ya kawo ki? So kike in zauna ina yi miki kirari a gaban baƙuwa kamar maroƙiya?" Ta jingina kai da gilashi, ta ce "okay" kawai. Duk uwar da ta yi renon yara a ƙasar nan ta san wannan "okay" ɗin, ya fi zagi ciwo.

Bayan mako biyu saƙo ya zo ta imel. Sun yaba jarrabawarta, sun yaba hirar da aka yi da ita. Amma suna ba da shawara a jira shekara guda, tunda sun lura iyayen da kansu suna da shakka a kan ko ta isa zama ita kaɗai. Suka ce in akwai ƙarin bayani daga wajen iyaye, a aiko kafin ranar Litinin, ranar da kwamiti zai yi zamansa na ƙarshe.

Na nemi malamar lissafi, muka haɗu a wani gidan shayi a Elm Street bayan na tashi aiki. Ta sa na maimaita mata duk abin da na faɗa a ofishin. Da na zo kan makullai ta dafe goshi.

"Da gaske ta ɓatar da uku?"

Na ce ɗaya ne, sauran biyun ƙannenta ne. Tukunyar kuma sau ɗaya ta taɓa ƙonawa, tana da shekara tara. Tashi da safe kuwa, ai ita ke tashin gidan.

"To me ya sa kika faɗa musu haka?"

Na yi mata bayanin kunya da kara da baki, iyakar abin da Turancina ya iya ɗauka. Ta saurara har na gama, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na gane. Amma a nan in uwa ta ce 'yarta ba ta shirya ba, ba wanda zai musa mata. Wa ya fi ki saninta? Sun yarda da ke ne."

Na hau bas ina ta faɗa a zuci. Wane irin mutane ne waɗannan da ba su san kara ba, sai ka buɗe baki ka yabi naka kamar mai tallan goro? Har na sauka ina ganin laifinsu ne. Abin da ya karya ni a gida na same shi. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba. Na dai lura ta sa wa wayarta ƙararrawa uku na safe. Ta zura makullin gida a igiyar takalmi ta rataya a wuya. In ta ɗora tukunya sai ta tsaya a kanta ƙyam, ba littafi a hannu, har ta nuna. Laifuffukan da na ƙirƙira don ladabi, su take ta gyarawa ɗaya bayan ɗaya. Ashe ba matar jami'a kaɗai ta yarda da ni ba. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana.

Ranar Juma'a da safe, ina jiran bas ta biyu a tashar cikin gari, na kira Inna. Na zayyana mata komai, ina sa ran ta taya ni zagin Turawa. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ke dai duk karatunki ba ki da wayo."

Na ce, "Inna, ai abin da kika yi na yi."

"Ranar da mushenku, malamin makarantarku, ya zo da albishir, wa ya yi guɗa?"

Na ce gwaggo.

"Wa ya ja hannunki gida-gida yana faɗa wa unguwa?"

Na ce kaka.

"To. Na rufe bakina don na wasu a buɗe yake. Kin kwana ba ki ji yabo ba ranar? Har ya yi miki yawa, sai da na sa ki wanke-wanke don kanki ya dawo daidai. Ke can kin rufe naki, uban ya rufe nasa, wa ya buɗe? Yarinya shekara sha huɗu ba wanda ya ce mata sannu?"

Na ce, "To baki fa, Inna?"

"Ki ce tubarkalla ki faɗi gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Sai ta koma tambayata ko na sami wanda zai kawo mata maganin gwiwa.

Saura rubuta wasiƙa, kuma nan ma wata sabuwa ta taso. Turancina na baki ne, in na rubuta shi ko ni ba na gane abin da na ce. Na gwada da Faransanci, sai ya fito kamar sharhin da nake yi wa yara a ƙasan sakamako: tana da ƙoƙari, ta ci gaba da haka. Abin da nake son faɗa da Hausa yake zaune a cikina. Akwai ɗalibai 'yan Kano da ke karatun digiri a jami'ar da ke kusa da mu, kowannensu zai fassara mini cikin minti goma, amma in zauna gaban ɗan mutane ina yabon 'yata, kafin Juma'a ta zagayo an ji a masallaci? Uban yana can wata jiha da lodi. Na duba gabas na duba yamma, mai fassara ɗaya ce a gidan.

Ranar Lahadi bayan azahar na kori samarin su je ƙwallo. Na ce, "Ke, ɗauko kwamfutarki. Zan faɗa da Hausa, ki juya." Ta zauna a teburin kicin. Ni kuma na ɗauko kuɓewa da wuƙa na tsaya gaban wurin wanke-wanke, na ba ta baya, don na san in ina ganin fuskarta ko kalma ɗaya ba za ta fita ba.

Na ce tubarkalla masha Allah sau uku. Sannan na fara da gyaran ƙarya. Na ce abin da na faɗa a ofis al'adarmu ce ta miƙa yaro, ba haka yarinyar take ba. Na ce ina fita aiki ƙarfe shida na safe, kuma tun tana da shekara sha ɗaya ita ke tashin ƙannenta, ta ba su abin kari, ta duba jakunkunansu, ta kulle gida, ba a taɓa kirana daga makaranta an ce sun makara ba. Na ce ranar da numfashin ƙaramin ya sarƙe ina wajen aiki, ita ta kira motar asibiti, ta faɗa musu sunan maganinsa da lokacin da ya sha na ƙarshe, ta kuma riƙe hannun ɗayan har na iso. Ina ji tana bugawa, ƙwas ƙwas ƙwas, da saurin nan nata.

Daga nan ban san inda bakina ya samo hanya ba. Na faɗi labarin gwangwanayen kanti. Na faɗi na lokutan salla, na ce ranar sai da na fita filin bayan gidanmu na yi sujada a kan ciyawa don kada ta gan ni. Na ce ita ta koya mini karanta takardun maganin tsohuwar da nake yi wa aiki, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mini dariya ba, ni da nake dukan tebur in yaro ya yi kuskure. Na ce na koyar da yara masu yawa a rayuwata, ban taɓa ganin mai kai irin nata ba, kuma kan nata bai kai kyan zuciyarta ba. Na ce ina jin tsoron tafiyarta, amma tsoron nawa ne, kada a ɗora mata. Na ce tun ranar da aka miƙo mini ita a asibiti, ni kaɗai ba uwa ba dangi, ban ƙara jin ni baƙuwa ce a garin nan ba.

Wani wuri a tsakiya ƙarar bugawar ta tsaya. Na ci gaba da yanka.

"Mama, maimaita na ƙarshen. Ban ji ba."

Kicin ɗin nan taku uku ne. Na san ta ji. Na maimaita. Can gaba ta sake cewa ba ta ji ba, na sake maimaitawa. Ba wadda ta juyo ta kalli 'yar'uwarta. Har aka yi la'asar ina magana. Da na duba gabana na ga na yanka kuɓewar da za ta yi mana miyar mako guda. Sunanta a saman wasiƙar ita ta rubuta da kanta, wannan kam ban iya ba, har gobe. Na sa hannu a ƙasa, ta aika, ta tashi ta zo ta tsaya kusa da ni tana wanke wuƙar da ba ta buƙatar wanki.

Kwana tara muka yi muna jira. Ina wajen aiki ina gyara wa tsohuwa gashi saƙon ya shigo wayata: sun ɗauke ta, za ta fara a watan Agusta. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a falon mutane ba, har tsohuwar ta zabura ta tambaya ko wani abu ya cije ni. Da na gaya mata ta ce lallai in kawo hoto a manna a firji. Na ce to, ban dai kai ba. Komai yana da iyaka.

Muka kai ta ranar wata Asabar, da akwati biyu, da dardumar salla, da tukunyar shinkafa ta lantarki, da kwalbar yaji da uban ya ce za ta sa a kore ta daga gidan kwanan. 'Yan mata sa'o'inta suna ta hawa da sauka da kaya, wata da gilashin ido da ya fi fuskarta girma, wata rungume da ɗan beyar na wasa, irin 'yar tsanar yara. Da na ga mai beyar hankalina ya ɗan kwanta. Abokiyar ɗakinta ta tarbe ta da wata tambaya ta lissafi tun ba su gaisa ba, na ga idon yarinyar nan ya kawo haske.

A ƙasan bene muka yi kiciɓis da shugabar shirin. Ta kama hannuna da hannu biyu ta ce ta ji daɗin wasiƙata. "Gajeriya ce," in ji ta, "rabin shafi, amma ta gaya mana duk abin da muke son sani."

Na yi murmushi na gode mata, amma zancen ya tsaya mini. Rabin shafi? Ni da na yi magana tun daga azahar har la'asar? Da matar ta wuce na bi yarinyar kan matakala, tana jan akwati na biyu.

"Ke, tsaya. Duk surutun da na yi ranar nan, rabin shafi ya zama? Ina sauran?"

Ta ajiye akwatin a kan matakala tana haki. Ta ce, "Na tura musu na tashi da safe, da na makulli, da na asibiti. Shi suke buƙata."

"Sauran fa?"

"Sauran nawa ne, Mama."

Ta sunkuya ta ɗauki akwatin ta ci gaba da hawa.